Harry Nyquist (1889–1976): Injiniyan da Ya Auna Iyakar Layin Tarho

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Harry Nyquist, injiniya kuma masanin kimiyya haifaffen ƙasar Suwidin, wanda ya yi aiki na tsawon shekara 37 a kamfanin tarho na Amurka. An duba tasowarsa da karatunsa da manyan bincikensa, sannan aka nuna yadda ƙa'idojin da ya fitar domin tangarahu suka zama tubalin ginin modem, musamman irin wanda manhaja ke gudanarwa a cikin kwamfuta. Haka kuma an rarrabe tsakanin abin da yake nasa da abin da aka jingina masa daga baya.

1.0 Gabatarwa

Waɗanda suka riski zamanin da ake shiga intanet ta layin tarho ba za su manta da ƙarar da kwamfuta kan yi kafin ta haɗu ba: fito, sai ƙugi, sai wani sauti mai kama da saukar yayyafi a kan kwano. Wannan ƙara zance ne tsakanin na'urori biyu da ake kira modem, kowace tana auna layin da ke tsakaninsu domin ta san yawan saƙon da zai iya ɗauka. Aikin modem shi ne ya mayar da lambobin kwamfuta sauti, ya tura su ta wayar da aka shimfiɗa domin muryar ɗan'adam, sannan takwaransa ya sake mayar da sautin lambobi a ɗaya ɓangaren.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan aiki ta girmi kwamfuta. Alamu nawa waya ɗaya za ta iya ɗauka a cikin daƙiƙa ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba? Mutumin da ya ba da amsarta a rubuce, ya kuma kafa mata hujja ta lissafi, shi ne Harry Nyquist. Ya yi haka a shekarar 1928, a zamanin da ake shimfiɗa layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau zuwa Ƙauran Namoda, inda ya ƙare a 1929. Wayar tangarahu da ke bin gefen dogo domin tsara zirga-zirgar jirage tana ƙarƙashin dokar da yake rubutawa a wancan lokaci a birnin Niyok.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Harry Nyquist ranar 7 ga Fabrairu, 1889, a ƙauyen Nilsby da ke lardin Värmland na ƙasar Suwidin. A wancan zamani Suwidin ƙasa ce ta manoma wadda talauci ya kori ɗimbin 'ya'yanta zuwa ci-rani a Amurka. Shi ma ya bi sahunsu a shekarar 1907, yana da shekara 18 a duniya. Bai samu shiga jami'a ba sai bayan shekara biyar da isarsa, wato a 1912, lokacin da Jami'ar Dakota ta Arewa ta karɓe shi.

Daga nan karatunsa ya tafi da sauri. Ya samu digiri na farko a fannin injiniyan lantarki a 1914, ya samu na biyu a 1915, sannan ya wuce Jami'ar Yale inda ya kammala digiri na uku a kimiyyar fiziks a 1917. Haɗuwar fannonin nan biyu a kansa ita ta bambanta shi da mafi yawan abokan aikinsa. Yana da idon injiniya mai sanin abin da ke damun waya a fili, yana kuma da horon masanin kimiyya mai neman dokar da ta haifar da damuwar.

A shekarar da ya kammala karatu ya kama aiki a sashen bincike da bunƙasawa na kamfanin AT&T, wanda ke riƙe da harkar tarho a Amurka. Ya zauna a wannan sashe har 1934, lokacin da aka haɗe shi da cibiyar bincike ta Bell, ya kuma ci gaba da aiki a cibiyar har ya yi ritaya a 1954.

3.0 Matsalar Saurin Tangarahu

Lokacin da Nyquist ya fara aiki, tangarahu babbar hanyar samun kuɗi ce, shimfiɗa sabuwar waya kuwa abu ne mai tsada, balle wadda za ta bi ta ƙarƙashin teku. Saboda haka kowane kamfani yana son ya cusa saƙo mai yawa a cikin wayar da yake da ita. Sai dai duk sa'ad da aka ƙara saurin aikawa, alamun kan isa a jirkice. Dalili kuwa shi ne bugun lantarki da ya shiga waya a taƙaice yakan fita da jela, jelar kuma ta hau kan bugun da ke biye.

Ana iya kwatanta wannan da mai kira a gindin dutse irin na Kwatarkwashi a ƙasar Bunguɗu. Idan ya furta kalma ɗaya ya saurara, wanda ke nesa zai ji ta sarai. Idan kuwa ya jero kalmomi da sauri, amsa-kuwwar ta farko za ta faɗo kan ta biyu, mai sauraro ya rasa gane ko ɗaya. Injiniyoyin zamanin sun san wannan cuta ta hanyar gwaji, amma ba su san inda iyakarta take ba.

A 1924 Nyquist ya buga maƙala a mujallar fasaha ta kamfanin Bell game da abubuwan da ke shafar saurin tangarahu. Ya nuna cewa abu biyu ne ke yanke saurin: siffar da aka ba bugun kafin a tura shi, da yawan matakan ƙarfin lantarki da ake amfani da su. Idan waya tana da mataki biyu kawai, kunnawa da kashewa, kowace alama zaɓi ne tsakanin abu biyu. Idan aka yi matakai huɗu, alama ɗaya za ta ɗauki abin da alamu biyu ke ɗauka a da. Idan aka yi takwas, za ta ɗauki na uku. Wannan ne karo na farko da aka fara auna saƙo da ma'auni na lissafi ba tare da duba ma'anarsa ba.

Maƙalarsa ta 1928, wadda ta fito a mujallar ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Amurka, ita ce ta kammala aikin. Kowace waya tana da zangon kaɗawa da take bari ya wuce, daga sauti mafi kauri zuwa mafi siriri, ana kuma auna faɗin zangon da yawan kaɗawa a daƙiƙa. Nyquist ya tabbatar da cewa adadin bugu masu cin gashin kansu da waya za ta ɗauka a daƙiƙa ba zai wuce ninki biyu na faɗin zangonta ba. Wayar da faɗinta kaɗawa 100 ne iyakarta bugu 200, komai ƙwarewar wanda ya ƙera na'urar.

Bai tsaya ga faɗin iyakar ba, ya nuna hanyar kusantarta. Dabararsa ita ce a bar wa bugu jelarsa, amma a tsara siffarsa ta yadda jelar za ta kasance sifili a daidai lokacin da ake karanta kowane bugu da ke biye. Idan aka koma ga misalin mai kira, kamar a ce an saita amsa-kuwwa ta riƙa yin shiru daidai lokacin da sabuwar kalma ke isa kunne. A cikin wannan maƙala kuma ya yi bayanin hanyar aika saƙo da ɓangare ɗaya na zango tare da ɗan ragowar ɗayan, hanyar da daga baya aka yi amfani da ita wajen watsa hoton talabijin. A Jamus, Karl Küpfmüller ya kai ga sakamako mai kama da wannan game da alaƙar sauri da faɗin zango a 1924, ba tare da sun yi aiki tare ba.

4.0 Hayaniyar Waya da Kukan Amfilifaya

Idan ƙarin matakai na ƙara yawan saƙo, me zai hana a yi matakai miliyan? Amsar ta fito daga wani bincike na daban da Nyquist ya buga a wannan shekara ta 1928. Abokin aikinsa John B. Johnson, shi ma ɗan Suwidin ne da ya yi karatu a Dakota ta Arewa da Yale, ya gano cewa akwai wata hayaniya ta lantarki da ba ta rabuwa da kowace waya, ko da ba a haɗa ta da komai ba. Nyquist ya bayyana asalinta: zafi ne ke motsa ƙwayoyin lantarki a cikin ƙarfe, kuma ƙarfin hayaniyar yana tashi daidai da zafin wayar da faɗin zangon da ake saurare. Ke nan idan matakai suka matsu da juna ƙwarai, hayaniya za ta ture alama daga matakinta zuwa na kusa, mai karɓa ya karanta kuskure. Har yau ana kiran wannan hayaniya da sunayensu su biyu.

Bincikensa na huɗu ya shafi na'urar ƙara ƙarfin sauti, wato amfilifaya. Layin tarho da ya haɗa Niyok da San Faransisko tun 1915 yana buƙatar irin waɗannan na'urori a kan hanya, kowace kuma tana ɗan jirkita murya. A 1927 Harold Black ya ƙirƙiro dabarar mayar da wani kaso na abin da ya fito daga na'urar zuwa mashigarta domin ya gyara jirkitar. Dabarar ta yi aiki, amma wani lokaci na'urar kan ɓarke da kuka, irin wanda ake ji a wurin taro idan makirfo ya kusanci lasifika. A 1932 Nyquist ya fitar da ma'aunin da ke nuna, ta hanyar zane guda ɗaya, ko na'ura za ta natsu ko za ta yi kuka. Wannan ma'auni ya fita daga harkar tarho ya shiga duk inda na'ura ke gyara kanta da kanta, kuma yana cikin darussan da ɗaliban injiniya ke yi a jami'o'in Nijeriya a yau.

5.0 Halinsa, Sauran Ayyukansa da Rasuwarsa

Nyquist bai yi rubuce-rubuce masu yawa ba idan aka kwatanta da tsawon aikinsa, amma ya yi rajistar ƙirƙire-ƙirƙire 138 a Amurka. Yana cikin waɗanda suka yi aiki tare da Herbert Ives kan na'urar aika hoto ta layin tarho, wadda kamfanin AT&T ya nuna wa jama'a a 1924. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya ba da gudummawa ga tsarin ɓoye murya da shugabannin Amurka da Ingila suka yi amfani da shi wajen magana ta sirri.

Waɗanda suka zauna da shi sun san shi da kawaici da ƙarancin magana. Marubucin tarihin cibiyar Bell, Jon Gertner, ya kawo labarin wani bincike da lauyoyin cibiyar suka yi domin gano dalilin da ya sa wasu ma'aikata suka fi wasu yawan ƙirƙira. Abin da suka samu ya haɗa waɗannan mutane shi ne yawancinsu sukan ci abinci tare da Nyquist. Ba ya ba su amsa kai tsaye. Tambayoyinsa ne ke sa su sake duba matsalar da ke gabansu ta wata fuska.

Ƙungiyar injiniyoyin rediyo ta ba shi lambar yabonta mafi girma a 1960, ya kuma karɓi lambar Stuart Ballantine ta cibiyar Franklin a wannan shekara. A 1969 Kwalejin Injiniya ta Ƙasar Amurka ta karrama shi, sannan a 1975 ya raba lambar Rufus Oldenburger da Hendrik Bode. Bayan ritaya ya koma jihar Teksas da zama, ya rasu a garin Harlingen ranar 4 ga Afrilu, 1976, yana da shekara 87.

6.0 Daga Tangarahu zuwa Modem

A 1948 Claude Shannon ya buga maƙalar da ta kafa ilimin auna bayanai, ya kuma ambaci Nyquist da Ralph Hartley tun a farkonta a matsayin waɗanda suka share fage. Shannon ya haɗa iyakokin nan biyu, faɗin zango da hayaniya, ya fitar da adadi ɗaya da ke nuna iyakar abin da layi zai ɗauka. Layin tarho yana barin sauti daga kaɗawa 300 zuwa 3,400 ya wuce, lissafin kuma ya nuna cewa layi mai kyau zai ɗauki kimanin bit 35,000 a daƙiƙa. Bit shi ne zaɓi ɗaya tsakanin sifili da ɗaya.

Modem na farko-farko ya yi nisa da wannan adadi. Samfurin Bell 103 na 1962 bit 300 yake aikawa a daƙiƙa. An kwashe fiye da shekara 30 ana cike giɓin, kowane mataki kuma komawa ne ga ɗaya daga cikin matsalolin da Nyquist ya zayyana. A 1965 Robert Lucky ya ƙirƙiro madaidaici mai koyon halin layi da kansa, wanda ke goge jelar da alamu ke bari a kan juna. A 1982 Gottfried Ungerboeck ya buga dabarar sarƙa alamu da juna ta yadda mai karɓa zai gane jerin da aka aiko ko da hayaniya ta taɓa wasu. Ƙa'idar V.32 ta 1984 ta kai bit 9,600 da alamu 2,400 kacal a daƙiƙa, kowace alama tana ɗauke da bit huɗu na saƙo. Ƙa'idar V.34 ta kai 28,800 a 1994, ta kai 33,600 a 1996, da alamu 3,429 a daƙiƙa. Abin lura a nan shi ne yawan alamu bai ƙaru sosai ba, domin zangon layin ya riga ya ƙayyade shi. Abin da ya ƙaru shi ne nauyin da aka ɗora wa kowace alama, daidai da hanyar da maƙalar 1924 ta nuna.

Akwai gyara da ya kamata a yi a nan. Littattafan koyarwa da yawa suna danganta wa Nyquist ƙa'idar awon sauti, wadda ta ce idan ana auna sauti fiye da sau biyu a kowace kaɗawarsa mafi sauri, za a iya sake gina shi daga awon ba tare da asara ba. Abin da ya tabbatar ya shafi yawan bugun da za a tura, ba sake gina sauti daga awo ba. Waɗanda suka kafa hujjar waccan ƙa'ida su ne Vladimir Kotelnikov a Rasha a 1933 da Shannon a ƙarshen shekarun 1940, bayan aikin lissafi na E. T. Whittaker a 1915. Dokokin biyu tagwaye ne masu adadi iri ɗaya, shi ya sa sunansa ya bi duka biyun.

A kan wannan adadi aka gina tarho na zamani, inda ake auna murya sau 8,000 a daƙiƙa, kowane awo da bit takwas, jimilla 64,000. Ƙa'idar V.90 ta 1998 ta ci moriyar wannan tsari: ta ɗora bit bakwai a kan kowane awo, ta samu 56,000 a ɓangaren saukowar saƙo.

7.0 Modem na Manhaja

Har tsakiyar shekarun 1990, yawancin modem suna da ƙwaƙwalwarsu ta musamman da ke yin wannan lissafi. Da kwamfutocin gida suka ƙara ƙarfi, musamman bayan kamfanin Intel ya ƙara umarnin MMX a 1997, sai masu ƙira suka cire wannan ƙwaƙwalwa suka miƙa aikin ga kwamfutar kanta. Abin da ya rage a jikin katin shi ne mahaɗin layi da 'yar na'urar da ke mayar da sauti lambobi, ta kuma mayar da lambobi sauti.

Sauran aikin duka manhaja ke yi. Ita ke tsara siffar kowace alama bisa sharaɗin 1928. Ita ke tace sautin da ya shigo, ta kamo daidai lokacin da ya kamata a karanta alama. Tana ƙididdige amsa-kuwwar abin da ita kanta ta aika, ta ɗebe shi daga abin da ta ji, domin ɓangarorin biyu suna magana lokaci ɗaya a kan waya ɗaya. Tana gyara madaidaicinta yayin da halin layi ke sauyawa, sannan ta zaɓi jerin alamun da ya fi dacewa da abin da ya iso. Ƙarar da ake ji a farkon haɗuwa ita ce lokacin da take koyon waɗannan abubuwa. Irin wannan modem ya yi araha, amma yana da aibinsa: yana cin ƙarfin kwamfuta, yakan yanke idan ta shagala da wani aiki mai nauyi, kuma yawancinsa an rubuta masa manhaja ne domin Windows kawai, abin da ya wahalar da masu amfani da Linux.

A Nijeriya zamanin wannan na'ura bai yi tsawo ba. Kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, shi ke riƙe da layukan ƙasa, ciki har da na Gusau mai lambar kira 063, garin da ya zama babban birnin Jihar Zamfara a 1996. Layukan da ke aiki a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba lokacin da wayar salula ta fara aiki a watan Agusta na 2001. Cikin 'yan shekaru salula ta mamaye ko'ina, mafi yawan mutanen garuruwa irin su Tsafe da Bunguɗu kuma suka fara shiga intanet da wayar hannu ba tare da sun taɓa jin kukan modem ba.

8.0 Kammalawa

Modem na manhaja ya nuna a fili abin da Nyquist ya bari. Da aka cire ƙarfe da ƙwaƙwalwar musamman daga na'urar, abin da ya saura lissafi ne, jigon lissafin kuwa an rubuta shi tun zamanin tangarahu. Wayar tagulla ta tafi, amma wayar hannu da ta gaje ta tana ɗauke da modem a cikinta, tana auna murya, tana tsara alamu, tana kokawa da hayaniyar zafi, duk a cikin iyakokin da ya auna. Lokacin da kira ke yankewa a kan hanyar Gusau zuwa Tsafe, ko saƙo ya yi nauyin tafiya a kasuwa mai cunkoso, faɗin zango da hayaniya ne ke yanke hukunci.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ga ɗaliban kimiyya da injiniya a Jami'ar Tarayya ta Gusau da takwarorinta, darasin yana da amfani na zahiri. Na'urar da ake koyon gyaranta a bana tana iya zama tarihi cikin shekara goma, kamar yadda modem na layin tarho ya zama. Wanda ya fahimci dalilin da ya sa layi mai faɗin kaɗawa 3,100 ya kasa wuce iyakarsa zai iya fahimtar na'urar da za ta zo bayanta, kuma yin wannan lissafi yana buƙatar takarda da alƙalami da kwamfuta ɗaya kawai.